Laifin Wa Matafiyi Ya Ɗauka? Ramuwar Gayya, Tsautsayi da Jinin Farar Hula a Kudancin Kaduna

Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Kujama, ta ratsa Kasuwan Magani da Kufana da Idon kafin ta isa Kachia, hanyar citta ce da masara da shanu. A cikin mako guda na watan Oktoban 2018 ta koma hanyar makoki. Ranar 18 ga wata, wata hatsaniya da aka ce ta taso tsakanin masu turin baro a Kasuwan Magani ta rikiɗe ta zama faɗan addini da ƙabila, 'yan sanda suka ce an kashe mutum 55. Washegari, sarkin Adara, wato Agom Adara Maiwada Raphael Galadima, yana kan hanyar komawa fadarsa ta Kachia daga Kaduna, 'yan bindiga suka tare ayarinsa, suka kashe huɗu daga cikin masu rakiyarsa, suka yi gaba da shi da mai ɗakinsa. An sako matar bayan 'yan kwanaki, shi kuwa gawarsa aka tsinta bayan mako guda. Kafin nan wutar ta riga ta tsallaka cikin garin Kaduna, har aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, an kuma rasa rayuka a unguwannin da ba su san baro ba ba su san fada ba. Da za a bi gawawwakin wannan mako ɗaya bayan ɗaya a tambayi abin da kowane mamaci ya yi, amsar mafi yawansu ba za ta wuce cewa ya zo cin kasuwa, ko ya shiga mota, ko sunansa ya nuna wancan ɓangaren ba.

Irin waɗannan ne Bahaushe ke cewa ba su ji ba ba su gani ba, dokokin yaƙi kuma suka kira su farar hula. Abin da nake so in kafa a kansu magana ɗaya ce. Babu abin da ke halatta a ɗaga wa mutum makami sai abin da hannunsa yake aikatawa a wannan lokaci, kuma nauyin tantance hakan yana wuyan mai riƙe da makamin. Wanda ke tsaye hannu rabbana ba shi ne zai kawo shaidar cewa shi ba ɗan ta'adda ba ne. Wannan ma'auni ɗaya ne ga saurayin ƙauye mai bindigar toka, da makiyayin da ya rataya AK-47, da hafsan da ke zaune gaban allon jirgi maras matuƙi. A ranar zaman lafiya kowa zai gyaɗa kai ga wannan magana. Ana gane wanda ya yarda da ita da gaske ne ranar da gawar da ke kwance a tsakar gida ta ɗan uwansa ce.

Dole a faɗi abin da ya sa maganar take da nauyi a wannan yanki, don mutanensa ba mugunta aka haife su da ita ba. Akwai tsohon miki na zamanin da mayaƙa daga masarautar Zazzau suke kai harin kama bayi cikin ƙasashen Adara da Atyap da Bajju da maƙwabtansu, sannan Turawan mulkin mallaka suka zo suka bar yawancin yankin a ƙarƙashin hakiman da ake turowa daga Zariya. A kan wannan miki aka yi ta ɗora sababbi: rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987; Zangon Kataf a Fabrairu da Mayun 1992 kan sauya wa kasuwa matsuguni; rikicin shari'a na 2000; sai tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011, wadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ci fiye da mutum 800 cikin kwana uku a Arewa, fiye da 500 daga cikinsu a kudancin Kaduna, akasarinsu Musulmi, a garuruwa irin su Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. Bayan nan hare-haren dare suka yi ta faɗa wa ƙauyukan Kirista a Kaura da Sanga da Jema'a da Kauru shekara bayan shekara. Kowace al'umma tana da shekarar da take fara ba da labarin daga gare ta, kuma kusan kullum shekarar da aka cuce ta ce. Wanda ya fara daga 2011 da wanda ya fara daga harin jajibirin Kirsimetin 2016 a Goska duk gaskiya suke faɗa, rabin gaskiya.

Dubi yadda ramuwar take aiki. Ranar 26 ga Satumban 2021 'yan bindiga suka afka wa Madamai da ke ƙaramar hukumar Kaura, gwamnatin jiha ta ce an kashe mutum 34. Ba a kwana biyu ba aka kai hari ƙauyen Kacecere a Zangon Kataf, aka kashe mutum takwas, gwamnati ta ce ramuwa ce. Babu wata kotu da ta nuna cewa mutanen Kacecere su ne suka je Madamai. Abin da ya haɗa su da maharan, a idon waɗanda suka kashe su, shi ne addini ko harshe, abin da ya raba su da maharan kuma shi ne cewa su ana iya samun su a gida. Wannan shi ne sirrin ramuwar gayya wanda masu yin ta ba sa son a tono. Wanda ya yi kisa ya san ya yi, saboda haka kafin gari ya waye ya haye babur ya shige daji. Wanda ya kwana a ɗakinsa, ya fito da safe zai tafi gona ko zai tatsi nono, ya kwana ne domin bai san yana da abin gudu ba. Tsoho da mai ciki da yaro su ma suna nan domin ba su da ƙafar gudu. Ashe ramuwa kamar rariya ce da aka kifa: mai laifi ya zube ta ƙasa, marar laifi ya saura a sama. Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, gaskiya ne, amma ba a cika tambayar wanda zafin yake sauka a kansa ba.

Haka abin yake idan aka juya ta ɗaya gefen. A Disambar 2016 gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufai, ya faɗa wa 'yan jarida cewa wasu daga cikin maharan makiyaya ne daga ƙasashe maƙwabta waɗanda rikicin 2011 ya rutsa da su suna kan hanyar kiwo, aka kashe musu mutane da shanu, suka riƙa dawowa ɗaukar fansa, kuma gwamnatinsa ta bi sawunsu ta ba wa wasu diyya don su daina. An yi ta ce-ce-ku-ce kan wannan magana, da dalili. Amma ko a ɗauka cewa haka abin ya faru, me ya nuna? Ya nuna mutumin da aka zalunta a 2011 yana zuwa bayan shekara biyar ya cinna wa ɗaki wuta a kan yaron da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi zaluncin. Zaluncin farko na gaske ne, kuma wanda aka yi wa yana da haƙƙin a bi masa kadi. Sai dai haƙƙin nasa yana kan waɗanda suka tare shi a hanya, ba ya tsallakawa kan duk wanda ke zuwa coci ranar Lahadi.

Abin mamaki shi ne addinan nan biyu da ake fakewa da sunansu ba su bar ƙofar shakka a nan ba. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, ciki har da An'am da Faɗir da Najmi, cewa babu mai ɗaukar nauyin laifin wani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe mata da yara a fagen yaƙi, kuma umarnin da Sayyidina Abubakar ya ba Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya haɗa har da tsofaffi, da masu ibada da suka keɓe kansu, da itatuwa masu 'ya'ya, da dabbobin da ba don ci za a yanka ba. A Littafi Mai Tsarki, Kubawar Shari'a ta hana a kashe ɗa saboda laifin uba ko uba saboda laifin ɗa, babi na 18 na Ezekiyel kuma gaba ɗayansa a kan wannan yake. A tarihinmu na nan gida ma an yi wannan muhawara tun ana tsakiyar yaƙi: Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya rubuta wa shugabannin jihadin Sakkwato wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar yaƙar mutanensa da kama su, Muhammadu Bello ya amsa, ya kuma adana musayar a cikin Infaƙul Maisuri. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya taɓa barin rundunar saboda takaicin yadda ya ga neman duniya ya shiga zukatan wasu mayaƙa, ya kama hanyar Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi. Duk wanda ya ce tausayin farar hula ra'ayin Turawa ne aka shigo mana da shi, bai karanta na gidansu ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan matsayi ita ce ta gazawar hukuma, kuma ba hujjar wasa ba ce. Rahotannin tsaro da gwamnatin Kaduna ta riƙa fitarwa ta hannun kwamishina Samuel Aruwan sun ce an kashe mutum 937 a jihar a 2020, da 1,192 a 2021, da 1,052 a 2022. Waɗanda aka sace kuma sun tashi daga 1,972 zuwa 3,348, zuwa 4,227 a waɗannan shekaru uku. Mutumin da ya kira jami'an tsaro da ƙarfe ɗayan dare ba su iso ba sai da hantsi, ya binne 'ya'yansa a kabari ɗaya, ya kuma shekara bai ji an gurfanar da kowa ba, idan ka ce masa ya bar wa hukuma, zai dube ka ne kawai. Ban ga yadda za a ce masa ba shi da ikon kare kansa ba. Amma tsakanin tsaron gida da fita ramuwa akwai tazara, kuma kowane ɗan ƙauye ya san ta. Samarin da suka raba dare suna gadi a bakin gari da tocila da usur, suka buɗe wa mahara wuta lokacin da suka tunkaro, suna fuskantar mutumin da ya zo da makami ne, kuma hannunsa ne ya yi masa shaida. Samarin da suka tashi da asuba suka yi tafiyar awa biyu zuwa wata ruga, ko suka jera duwatsu da tayoyi a kan titi suna tsayar da motoci suna tambayar fasinja sunansa, ba sa kare kowa. Hasali ma su ne suke rubuta wa ƙauyensu takardar gayyatar hari na gaba, suna kuma ƙara wa 'yan bindigar daji sababbin mayaƙa daga cikin marayun da suka bari.

Sai a ce, ai babu marar laifi a cikinsu: su ne suke ɓoye maharan, su suke sayar musu da burodi da man fetur, a cikinsu infoma suke. Wake ɗaya, in ji masu wannan ra'ayi, shi ke ɓata gari. Infoma kam akwai su, a ruga da ƙauye da cikin gari, kuma wanda ya nuna gidan da za a shiga ya yi tarayya a cikin laifin, kamata ya yi a kama shi a kai shi gaban alƙali. Amma a duba yadda kalmar take faɗaɗa a bakin mai fushi. Daga mutum ɗaya da ake zargi sai ta koma gidansu, daga gidansu ta koma unguwarsu, har ta kai ga duk mai jin harshensu. Makiyayan da ke zaune a Ladduga, gandun kiwon da ke cikin ƙaramar hukumar Kachia, sun daɗe da zama wuri ɗaya da makarantunsu da kasuwarsu, kuma su ma ɓarayin shanu da masu garkuwa ba su ƙyale su ba. Manomin da 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyensa harajin noma ya biya don a bar shi ya girbe, ko matar da aka tsare da bindiga aka ce ta dafa tuwo ta dafa, ba abokan yaƙi ba ne, su ne farkon waɗanda aka ci da yaƙin. Idan aka ce biyayyar dole ta mai da mutum abin hari, to an hukunta shi sau biyu ke nan kan rashin kariyar da ba shi ne ya jawo ba.

Kachia tana da wata alaƙa da wannan batu wadda ba kowane gari ke da ita ba, domin a nan Makarantar Sojojin Igwa ta Najeriya take, kuma mazauna garin sun saba jin rugugin manyan bindigogi daga filin atisaye. Aikin igwa aiki ne na harbin abin da ba ka gani. Sojan da ke jan igiyar harbi yana iya kasancewa nesa da inda harsashin zai sauka da kilomita masu yawa, tsauni da daji sun shiga tsakani. Wani ne can gaba, mai leƙen asiri da madubin hangen nesa da taswira, yake aiko da lambobin wuri ta rediyo; wasu su yi lissafin nisa da iska da kusurwa; wani hafsa ya ba da izini; sannan a harba. Saboda haka duk ilimin wannan fanni a kan tabbatarwa aka gina shi, don kuskuren lamba ɗaya yana iya sauke wuta a kan naka. Jirgi maras matuƙi ya ƙara nisan ne kawai. Mai sarrafa shi yana kallon mutane daga sama kamar ɗige-ɗige a kan allo, ba ya jin abin da suke faɗa, ba ya bambance sanda da bindiga sai da wahala, kuma cincirindon mutane da daddare a bakin daji yana iya zama taron 'yan bindiga, yana iya zama biki.

Daren 3 ga Disambar 2023, a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi, taron Mauludi ne. Jirgin rundunar sojan ƙasa ya jefa musu bam, kuma waɗanda suka tsira sun ce bayan ɗan lokaci, mutane suna tsakiyar kwasar gawawwaki da raunanan 'yan uwansu, aka sake jefo na biyu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, Amnesty International ta ce adadin ya haura 120, da yawansu mata da yara. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya nemi afuwa, kuma wannan abin a yaba ne a ƙasar da aka fi sabawa da musu. Masu kare sojoji suna cewa bai kamata a haɗa wanda ya yi niyyar kashe farar hula da wanda ya nufi ɗan ta'adda ya kuskure ba, kuma 'yan bindiga da gangan suke cuɗanya da jama'a. Na yarda da rabin farko ba tare da ja ba. Niyya tana da muhimmanci a shari'ar Musulunci, tana da shi a koyarwar Kirista tun daga Toma Akwinas, kuma sojan da ke sa ransa a bakin mutuwa don ya kare ƙauye ba daidai yake da wanda ya zo ƙona ƙauyen ba.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta rufe maganar. Tambayar da ke biye da ita ita ce wane ƙoƙari aka yi don kada a kuskure, kuma wa aka ɗora wa haɗarin shakka. Mauludi ba a ɓoye ake yin sa ba, mai unguwa ya sani, maƙwabtan ƙauyuka sun sani, an gayyato baƙi. Idan tsarin tattara bayanai bai iya gano wannan ba kafin a saki bam, to gyaran yana cikin tsarin. Kuma Tudun Biri ba shi ne farau ba. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, aka rasa fiye da mutum ɗari ta ƙidayar sojoji da kansu, ciki har da ma'aikatan agaji. An yi a Mutumji ta jihar Zamfara a Disambar 2022. An yi a kan makiyaya a yankin Doma na jihar Nasarawa a Janairun 2023. Bayan Tudun Biri ma an sake yi a ƙaramar hukumar Silame ta jihar Sakkwato ranar Kirsimetin 2024. Muna da kalmar da muke lulluɓe irin wannan da ita, wato tsautsayi, mu ƙara da cewa ba ya wuce ranarsa. Kalmar tana da amfani a bakin wanda aka yi wa rashi, tana sanyaya masa zuciya. A bakin wanda ya danna maɓalli kuwa, ko wanda ya ba shi izini, hanyar zamewa ce. Abin da ya faru sau ɗaya ana iya kiransa tsautsayi. Wanda yake ta maimaituwa fiye da shekara bakwai da siga iri ɗaya, sakaci ne sunansa.

Ko a kuskuren gaskiya ma, al'adunmu na addini ba su ce shi ke nan ba. Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, wato an wanke shi daga ganganci amma ba a sauke masa nauyi ba. Bayan buɗe Makka, Khalidu ɗan Walidu ya kashe wasu mutane daga Banu Jazima bisa mummunar fahimtar abin da suka faɗa. Khalidu babban kwamanda ne da ake matuƙar buƙata, amma Annabi ya barranta daga aikin nasa a bainar jama'a, ya kuma tura Sayyidina Aliyu da dukiya ya biya diyyar rayuka da ta kayan da aka ɓarnata. A tarihin Kirista, a shekarar 390 sojojin Sarki Tiyodosiyus na Rum sun karkashe dubban mutanen Tasalonika don ramuwar kisan wani kwamandansu, sai Bishop Ambrose na Milan ya ƙi ba sarkin jibin Ubangiji har sai da ya tuba a gaban jama'a. Mai karatu zai tuna Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001, inda aka kashe jami'an tsaro, sojoji suka rama a kan gari sukutum. Daga baya kotunan tarayya suka umarci gwamnati ta biya diyyar biliyoyin naira a duka biyun. Ramuwar gayya ba ta zama wani abu dabam don mai yin ta yana sanye da kaki.

Wasu masana shari'a za su ce ai abin da ke faruwa a kudancin Kaduna ba yaƙi ba ne a ma'anar doka, don haka kawo Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977, waɗanda Najeriya ta amince da su, bai dace ba. Wataƙila suna da gaskiya game da wasu rikice-rikicen, amma wannan ba sauƙi yake kawo wa mai makami ba. Dokar yaƙi ita ce mai sassauci, don ita ce ta yarda a kai wa maƙiyi hari ba tare da an nemi kama shi ba, ta kuma haƙura da wata asarar farar hula matuƙar ba ta wuce kima ba kuma an yi iya taka-tsantsan. Idan ba yaƙi ake yi ba, sai a koma sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare ran kowane ɗan ƙasa, ya kuma ƙuntata inda aka yarda a yi amfani da ƙarfin da zai kai ga kisa. Duk ƙofar da aka bi, a ɗaki ɗaya ake faɗawa. Rubutacciyar doka kuwa ba mu taɓa rasa ta ba: a 1967, lokacin yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar wa sojojin tarayya ƙa'idojin aiki da suka hana taɓa farar hula, a watan Oktoban wannan shekarar kuma aka yi kisan Asaba.

Akwai kuma wahalar da ba ta zuwa da ƙarar bindiga. Citta tana son mai ita ya zauna kusa: a dasa ta farkon damina, a lulluɓe kunya da ganye, a yi ta cire ciyawa, a haƙe ta bayan ruwa ya ɗauke, a tsaga ta gida biyu a shanya a rana kwana da kwanaki. Manomin Kachia ko Jaba da tsoron masu garkuwa ya hana shi zuwa gona mai nisa, ko wanda ya sayar da irin da ya ajiye don ya biya kuɗin fansar matarsa, ya yi asarar shekara guda ba tare da sunansa ya shiga wani rahoto ba, balle da cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta zo ta ƙarasa. Mai ƙona rumbu da mai sassare garken shanu duk rayuka suke nufa, a hankali. Hukuma ma tana iya faɗawa cikin wannan da kyakkyawar manufa. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, ta hana hawa babur, ta kuma hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi da suka haɗa da Kachia da Kajuru da Kagarko, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Manufar a fili take. Amma ɗan acaɓa da mai naƙuda da ƙauyen da ba shi da hanyar kiran agaji su ne suka fara ɗanɗana matakin, kuma irin wannan ma yana buƙatar a auna shi da ma'aunin da ake auna bam: wa ya fi cutuwa, kuma me aka samu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ƙidayar gawa ta zama wani fagen daga. A Fabrairun 2019, ana jajibirin ranar da aka tsara zaɓen shugaban ƙasa, gwamna ya sanar cewa an kashe mutum 66 a Kajuru, daga baya ya ce 130, akasari Fulani. Wasu shugabannin Kirista da na Adara suka ƙaryata, suka nuna mutanensu da aka kashe a Unguwar Barde kwanaki kaɗan kafin nan, kuma a makonnin da suka biyo baya aka kashe wasu Adara da dama a ƙauyuka irin su Karamai da Dogon Noma. Shekara biyu kafin haka, cocin Katolika ta Kafanchan ta ce an kashe mutum 808 a ƙauyuka 53, wasu jami'ai suka ce adadin bai kai haka ba. Kowane ɓangare yana haddace lambar nasa yana tuhumar ta wancan. Za a ce mini daidaita ɓangarori zalunci ne idan wani ya fi wani asara, kuma haka ne. A wasu shekaru ƙauyukan Kirista ne suka fi shan hari nesa ba kusa ba, a wasu ranaku kuma Musulmi ne, faɗin hakan bai kamata ya yi wa kowa nauyi ba. Amma yawan gawawwakin wani ɓangare yana nuna inda ya kamata a kai sojoji da agaji ne, ba ya ba waɗanda suka rage lasisi. Mutum takwas na Kacecere ba su rage ko ɗaya daga cikin 34 na Madamai ba, jimillar ta zama 42.

Wa'azi kaɗai ba zai tsayar da wannan ba, domin abin da ke ciyar da laifin jam'i shi ne rashin sunan mai laifi. Matuƙar ba a ce wane ɗan wane ne ya yi ba, a kama shi, a yi masa shari'ar da kowa zai gani, to jama'a za su cike gurbin da sunan ƙabila. Kwamitoci kam an yi su: kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo bayan Zangon Kataf, wadda hukuncin kisan da ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu ya bar ɓangare ɗaya yana ganin an zalunce shi, sassaucin da aka yi daga baya kuma ya bar ɗayan yana ganin haka, kwamitin Sheikh Ahmed Lemu bayan 2011, da sanarwar hedikwatar tsaro a Mayun 2024 cewa jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja kan Tudun Biri, ba tare da an miƙa wa jama'a cikakken rahoton binciken a lokacin ba. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Kachia da Kaura da Jema'a da Sanga da Zangon Kataf sun sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, kuma sun yi abin da ba a saba gani ba: kowace al'umma ta amsa cewa nata ma sun cuci wasu, ta nemi gafara. A watan Nuwamba aka kafa allon neman gafarar a Samarun Kataf. Dattawan da suka sa hannu sun yi magana da sunan al'ummominsu, amma mafi yawan waɗanda suka riƙe bindiga da ashana a 2011 da shekarun da suka biyo baya ba su tsaya gaban kowa ba, ba a kuma karanta sunayensu a ko'ina ba. Makonni shida bayan kafa allon, aka shiga Goska.